Idan duniya ta koma kan sola: tambayoyi da amsoshi kan mulki, arziki da zaman jama'a

Yawancin maganar da ake yi kan sola ta tsaya ne a kan farashi da nagartar kaya. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi ɗaya ɓangaren: wa zai riƙe iko idan wutar duniya ta koma fitowa daga hasken rana, wa zai samu, wa kuma za a bari da ɗawainiyar abin da ya saura.

Da gaske ne duniya za ta iya dogara da sola, ko dai buri ne kawai?

An riga an kama hanyar. Tsakanin 2010 da 2020 farashin farantan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari, kuma a 'yan shekarun nan sola ce ta fi kowace hanya yawa a cikin sabbin tashoshin wutar da ake ginawa a duniya. Sai dai babu babbar ƙasar da za ta zauna da sola kaɗai. Rana na faɗuwa, ana hadari, ana hazo. Dole a haɗa da batura, da wutar madatsun ruwa, da iska, da iskar gas na tsawon wani lokaci. Idan muka ce dogaro, muna nufin sola ta zama uwa, sauran su tallafa mata.

Tunda rana ta kowa ce, me zai kawo siyasa a ciki?

Hasken kyauta ne, amma abin kama shi ba kyauta ba ne. Faranti ɗaya yana bin matakai huɗu kafin ya hau rufin gida: a tace silikon har ya yi tsarki sosai, a narka shi a yi dunƙule a yayyanka shi falle-falle, a mayar da fallayen ƙwayoyin da ke juya haske zuwa lantarki, sannan a jera ƙwayoyin a ƙarƙashin gilashi cikin firam ɗin alminiyam. Hukumar Makamashi ta Duniya ta nuna a 2022 cewa ƙasar Sin na riƙe da sama da kashi 80 cikin ɗari na kowane ɗaya daga matakan nan, kuma a matakin yanka fallayen ta haura kashi 95. Ƙungiyar OPEC ba ta taɓa riƙe kasuwar mai haka ba.

Akwai bambancin da ya kamata a lura da shi. Lokacin da ƙasashen Larabawa suka rufe famfon mai a 1973, cikin makonni layuka suka cika gidajen mai a Amurka da Turai, saboda mai abu ne da ake ƙonawa kullum a sake saye. Farantin sola sau ɗaya ake saye, ya yi aiki shekara 25 ko fiye, ƙarfinsa na raguwa da kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari a shekara. Idan mai sayarwa ya rufe ƙofa, wutar da kake da ita ba za ta ɗauke ba. Abin da zai tsaya shi ne ƙari, da kayan gyara, da canjin inbata da batir, waɗanda ba sa kai shekarun faranti. Matsin lambar na nan, a hankali dai take cin mutum.

Siyasar ma ta riga ta fito fili. Kaso mai yawa na silikon ɗin da aka tace yana fitowa daga yankin Xinjiang, kuma tun Yunin 2022 Amurka ke aiki da dokar da ta hana shigar kayan yankin bisa zargin aikin tilas, zargin da Sin ke musantawa.

Ina batun ma'adanan da ake yin batir da su? Ba wata dama ba ce ga Afirka?

Dama ce, amma mun san yadda irin wannan dama ta ƙare a baya. Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango na samar da kusan kashi 70 cikin ɗari na kobalt ɗin duniya, mafi yawansa kuma a Sin ake tace shi. Ostareliya da Chile da Sin ne kan gaba a haƙo lithium. A Najeriya ana haƙo shi a Nasarawa da Kaduna da Kwara da Kogi, da yawa a hannun masu haƙa da diga da shebur, babu rajista, babu kariya. Wanda ya ga abin da haƙar zinare ta jawo a Zamfara ba zai ɗauki wannan da wasa ba.

Ƙasashe biyu sun gwada wata dabara. Indonesiya ta hana fitar da ɗanyen nikel a 2020, ta tilasta wa kamfanoni gina matatu a cikin gida. Zimbabuwe ta hana fitar da ɗanyen lithium a ƙarshen 2022. Dabarar na aiki ne idan ƙasa na da wutar da matata za ta sha, da iyakokin da za a iya tsarewa daga fasa-ƙwauri. Kuma kada a ɗora dogon buri kan ma'adani ɗaya: baturan lithium da aka fi sa wa a gidaje yanzu, masu sinadarin ƙarfe da fosfet, babu kobalt a cikinsu ko kaɗan.

Me zai faru da ƙasashen da ke rayuwa da kuɗin mai, kamar Najeriya?

Sola ba ta gasa da ɗanyen mai kai tsaye, domin mafi yawan mai a sufuri yake ƙarewa. Gasar na zuwa ne ta motoci da babura masu batir, da kuma janaretocin da ake kashewa. Amma ba sai duniya ta daina sayen mai gaba ɗaya ba kafin a ji jiki. Ya isa buƙata ta daina ƙaruwa, farashi ya zauna ƙasa. A irin wannan kasuwa, masu haƙo mai da araha kamar Saudiyya ne za su fi daɗewa, masu tsadar haƙowa su fara fita, Najeriya kuwa na cikin masu tsada.

Mai da iskar gas ne ke kawo mafi yawan kuɗin waje da Najeriya ke samu. Kason da jihohi da ƙananan hukumomi ke karɓa duk wata daga asusun tarayya ya dogara da shi sosai, haka kashi 13 cikin ɗari da jihohin mai ke samu. Jihohin arewa da yawa ba za su iya biyan albashi da harajin cikin gida kaɗai ba. Idan kason ya ragu, gwamna ba shi da zaɓi sai ya juya kan aljihun jama'a, kuma wanda ya fara biyan haraji da gumin goshinsa zai fara tambayar inda kuɗin ya shiga. A ganinmu wannan shi ne babban sauyin siyasar da ke tafe, ya fi batun wutar kanta girma. Zai iya haifar da gwamnatin da ke jin tsoron talakawanta, zai kuma iya haifar da rikici kan ɗan abin da ya rage.

Shin sola za ta hana wata ƙasa amfani da wuta a matsayin makami kan maƙwabciyarta?

Nijar ta ga wannan da idonta. Kafin juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da take sha daga Najeriya yake zuwa. A farkon Agusta aka katse layin cikin takunkuman ECOWAS, Yamai da sauran birane suka shiga duhu na sa'o'i masu yawa kullum. Tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30, da ke kusa da Yamai, ta fara aiki a shekarar, ta kuma rage raɗaɗin da rana. Da dare kuwa dole a koma kan injinan dizal.

Arewacin Najeriya ma ta ɗanɗana a Oktoban 2024, lokacin da lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da matsalar da ta biyo baya a layin Ugwuaji zuwa Apir suka bar jihohi da dama cikin duhu sama da mako guda. Wutar da ake samarwa kusa da mai shanta ta fi wuyar katsewa, ko daga wata gwamnati ko daga 'yan bindiga. Amma tashar da ba ta da batir 'yancin yini kawai take bayarwa.

Manyan ayyukan jan wutar Sahara zuwa Turai ba su yi sa'a ba. Shirin Desertec da aka kafa a 2009 ya watse a 2014, bayan yawancin kamfanonin da ke ciki sun janye.

Idan masu hali duk suka koma sola, me zai samu waɗanda suka rage a kan wutar NEPA?

A nan ne rashin adalci ya fi saurin ɓullowa. Kuɗin da kamfanin rarraba wuta ke kashewa kan turakai da wayoyi da taransifoma da albashi ba ya raguwa don wasu sun daina saye. Ga misali don a gane lissafin: idan ɗawainiyar naira 100 ce ana raba ta kan yunit 10, kowane yunit ya ɗauki naira 10. Idan masu shan yunit 4 suka tafi, kowane yunit da ya rage zai ɗauki kusan naira 17. Farashi ya tashi, wasu su ƙara tafiya, ya sake tashi. Waɗanda ke fara tafiya kuwa su ne masana'antu da otal-otal da manyan gidaje, wato masu biya kan lokaci.

Pakistan ce misali mafi bayyana. Kuɗin wuta ya ninka fiye da sau biyu a 'yan shekaru, sai jama'a suka shigo da farantan da ƙarfinsu ya kai kimanin megawat 17,000 a 2024 kaɗai. Gwamnati kuma na da yarjejeniyoyin biyan tashoshin wuta ko an sha wutarsu ko ba a sha ba. Nauyin ya koma kan ɗan haya da talakan da ba shi da kuɗin faranti. A Najeriya, cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 da ɗaga farashin rukunin Band A, wato masu samun wuta mafi yawan sa'o'i, zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024 sun tura mutane da yawa wannan hanya.

Hukunta mai sola ba mafita ba ce. Sifaniya ta sa harajin da aka yi wa laƙabi da harajin rana a 2015, ta soke shi a 2018. Abin da ya fi ma'ana shi ne a raba takardar kuɗin wuta gida biyu, kuɗin zama kan layi da kuɗin abin da aka sha, a kare ƙaramin farashi ga masu shan wuta kaɗan, a sayi rarar wutar masu sola da farashin da ya dace, a kuma sa wa kowa mita. Akwai wata illa da lissafi ba ya nunawa: ranar da mai faɗa-a-ji ya daina jin zafin ɗauke wuta, taransifomar unguwa za ta iya shekara a lalace babu mai buga waya.

Talaka zai iya mallakar sola kuwa? Nawa gida yake buƙata?

A ɗauki gida mai firij ɗaya, fanka biyu, ƙwai takwas, talabijin da cajin waya. Firij na shan kimanin yunit 1.5 a yini. Fanka biyu masu wat 75 na sa'a 10 sun sha 1.5. Ƙwai takwas masu wat 10 na sa'a 6 sun sha kusan 0.5, talabijin da caji su ma kusan 0.5. Jimilla yunit 4. A arewa ana iya lissafi da sa'a 5 na cikakkiyar rana, a cire kashi ɗaya bisa huɗu saboda zafi da ƙura da asarar waya da inbata. Faranti biyu masu wat 550 za su isa da kyar, uku ne kwanciyar hankali lokacin hunturu da damina. Zafi na rage ƙarfin faranti da kusan kashi 0.4 cikin ɗari kan kowane digiri da jikinsa ya haura 25, shi ya sa ake barin tazara tsakaninsa da kwanon rufi.

Batir ne ke cinye kuɗi. Batirin dalma mai 200Ah da bolt 12 yana ɗauke da yunit 2.4, amma rabi kawai ya kamata a sha. Wanda ke zuƙe shi har ƙasa kullum zai iya kashe shi cikin shekara guda. Na lithium ya fi tsada a farko, ya kuma fi daɗewa nesa ba kusa ba.

Da janareta, mutum na biya kaɗan-kaɗan kullum. Da sola, yana biyan kuɗin wutar shekaru a rana ɗaya. Saboda haka wanda ke da jari ko hanyar bashi mai sauƙi ne ke samun wuta mai araha, marar shi ya ci gaba da sayen fetur a galan. Tsarin biya kaɗan-kaɗan ta waya ya buɗe wa miliyoyin gidaje ƙofa, musamman a gabashin Afirka, sai dai na'urar na kulle kanta daga nesa idan an yi jinkirin biya, kuma jimillar kuɗin ta fi ta sayen lokaci ɗaya sosai. Kafin a sa hannu a tambayi abu uku: nawa ne jimillar, kwana nawa ake ɗaga ƙafa, wa zai canja batir idan ya mutu kafin a gama biya.

Su wa ke da iko da ƙananan tashoshin sola na ƙauyuka?

Galibi kamfani mai zaman kansa ne, da tallafin Hukumar Samar da Wuta a Karkara da rancen Bankin Duniya, wanda ya amince da dala miliyan 750 don shirin DARES na kai wutar sola ga jama'a a Disambar 2023. Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kafa hukumomin kula da wutarsu, don haka majalisar jiha yanzu na da ta cewa.

Tashoshin da suka gaza sukan gaza ne ta hanya iri ɗaya: an gina don ƙwan fitila da cajin waya kawai, kuɗin shiga bai isa canja batura ba. Waɗanda suka ɗore su ne masu injin niƙa da walda da firjin ƙanƙara a cikin kwastomominsu, masu shan wuta da rana lokacin da take da yawa. Al'umma ta nemi yarjejeniya a rubuce kan farashi, da sa'o'in wuta, da makomar tashar idan babban layi ya iso. A kwamitin kuma a sa mata, tunda su ne ke niƙa da ɗiban ruwa da ƙananan sana'o'in cikin gida.

Manyan tashoshi ba za su cinye gonaki da makiyaya ba?

Kowane megawat na buƙatar kimanin hekta 2. Megawat 10,000 zai ci hekta 20,000, wanda ba komai ba ne a faɗin ƙasa kamar Najeriya. Matsalar ita ce wane fili. Mai gini na son shimfiɗaɗɗen wuri kusa da titi da babban layi, irin wurin da mutane suka riga suka zauna. Tashar Bhadla a Rajasthan ta Indiya ta mamaye sama da hekta 5,000, ta Noor a Ouarzazate ta Maroko kimanin hekta 3,000 na filin da al'umma ke kiwo a kai.

A takarda ana kiran irin waɗannan wurare fili marar amfani. Makiyayi ya san ba haka ba ne. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye hannun gwamna, diyya kuma kan gini da amfanin gona ake biya, don haka mai kiwon da ba shi da takarda ba ya samun ko sisi, shinge kuma na iya datse burtali. A yankin da rikicin manoma da makiyaya bai kwanta ba, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. A fara da rufin kasuwanni da makarantu da masana'antu, a yi hayar fili shekara-shekara maimakon ƙwacewa, a ɗaga farantai yadda tumaki za su yi kiwo a ƙarƙashi.

Famfon sola alheri ne ga noman rani. Akwai wata illa?

Alheri ne babba. Illar a ƙarƙashin ƙasa take. Manomi mai injin fetur yana kashe inji da zarar gona ta sha, saboda kowace sa'a kuɗi ce. Mai famfon sola ba ya biyan komai kan ƙarin sa'a. An ga ruwan ƙasa na ja da baya a sassan Yaman bayan yaɗuwar irin waɗannan famfuna. A fadama, mai zurfin rijiyar burtsatse ne ke shanye ruwan maƙwabcinsa mai gajerar rijiya. Maganin shi ne tanki mai makunnin da ke tsayar da famfo idan ya cika, da ban-ruwa na ɗigo, da auna zurfin ruwa a farko da ƙarshen rani, da yarjejeniyar manoma kan tazarar rijiyoyi.

Aikin yi fa? Ya kamata a hana shigo da faranti don a ƙera a gida?

Hukumar IRENA ta duniya mai kula da makamashi mai sabuntawa ta ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan 7 ke aiki a fannin farantan sola a 2023, kusan kashi biyu bisa uku a Sin. Ayyukan da za su zauna a gida su ne haɗawa, gyara, wanki, sayarwa, da sana'o'in da wutar ke rayarwa. Masu gyaran janareta da 'yan bumburutu za su rasa kasuwa, na farkon kuwa su ne suka fi cancanta a koya wa aikin inbata. Hana shigo da faranti kafin masana'antun gida su iya cike gurbi zai ɗaga farashi ne kawai, tunda masu haɗawa a gida ma ƙwayoyin daga waje suke sayowa. Abin da ya fi gaggawa shi ne tare jabun kaya a tashar jiragen ruwa: farantin da aka rubuta wa wat 300 yana ba da rabin haka.

Ba sola ce ta jefa Sifaniya da Fotugal cikin duhu ba?

A ranar 28 ga Afrilu 2025 wuta ta ɗauke a ƙasashen biyu kusan gaba ɗaya. Binciken gwamnatin Sifaniya ya ɗora laifin kan hauhawar ƙarfin lantarki a layi da gazawar daidaita shi, har tashoshi suka riƙa ficewa ɗaya bayan ɗaya. Layin da sola ta yi yawa a kai yana buƙatar dokokin da za su sa inbatoci su taimaka wajen daidaita ƙarfin, da batura manya, da isassun hanyoyin haɗi da maƙwabta. Babban layin Najeriya yana faɗuwa sau da yawa a shekara alhali solar da ke kansa ba ta taka kara ta karya ba.

Ina matattun batura da farantai za su tafi?

Faranti mafi yawansa gilashi ne da alminiyam, matsalarsa tana gaba. Ta batirin dalma tana nan yau. Ana fasa shi da gatari, a zubar da ruwan asid a ƙasa, a narka dalmar a buɗaɗɗen wuri, ƙurar ta sauka inda yara ke wasa. A unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke wajen Dakar, yara 18 ne suka mutu tsakanin 2007 da 2008 sakamakon wannan sana'a. Gubar dalma na lalata ƙwaƙwalwar yaro ko da bai nuna alamar ciwo ba, kuma ba ta gyaruwa.

Kada a fasa mataccen batir, kada a zubar da ruwansa, kada a ajiye shi a ɗakin kwana ko kusa da rijiya. A mayar wa dillali a yi musanye da sabo, a kuma tambaye shi inda yake kaiwa. Batirin lithium da ya kumbura ko ya fara zafi shi kaɗai a cire shi daga caji, a fitar da shi waje nesa da abin da ke kama wuta. Ga hukumomi kuwa, hanyar da aka gwada ita ce a ɗora wa mai shigo da batir alhakin karɓar tsohon, a sa kuɗin ajiya a cikin farashi wanda mai saye zai karɓa ranar da ya dawo da shi, sannan 'yan bola jari su zama masu tarawa da ake biya, narkawa kuma a bar wa masana'antu masu lasisi da ake auna jinin ma'aikatansu.